Bashin Gayya: Matasan Gwale da Kwatocin Birni

A ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas, akwai wani aiki da ake yi a unguwannin ƙaramar hukumar Gwale wanda ba a rubuta shi a kasafin kuɗin kowace gwamnati ba. Samari ne ke fitowa da safiyar Asabar ko Lahadi, ɗauke da shebur da manjagara da baro, su shiga kwatocin da leda da yashi suka cushe tun daminar bara, su yashe su kafin ruwa ya sauka. Mafi yawansu 'yan ƙananan ƙungiyoyi ne da ake kira ƙungiyoyin taimakon kai da kai, ko na ci gaban unguwa, waɗanda ake samu a Mandawari da Galadanci da Gyaranya da Diso da Dandago da Sani Mainagge, har zuwa Ɗorayi da Kabuga a wajen badala. Sunan da kowa ya san aikin da shi kuwa shi ne aikin gayya.

Abin da ke ɗaure kai game da waɗannan ƙungiyoyi shi ne saurin haihuwarsu da saurin mutuwarsu. Akan kafa ƙungiya da ɗoki, a buga riguna masu tambari, a buɗe shafi a Facebook, a yi damina ɗaya ko biyu ana aiki tuƙuru, daga nan sai a neme ta a rasa. Dattawa kan ce yaran yanzu ba su da juriya, su kuma yaran su ce rashin kuɗi ne ya kashe su. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai babban dalilin yana ɓoye a cikin kalmar gayya ita kanta. Gayyar da Bahaushe ya gada bashi ce da ke zagayawa tsakanin mutane, kowa ya ci ya biya. Wadda ake yi a lungunan birni a yau ta riƙe cin bashin, amma hanyar biyansa ta toshe, kuma makomar kowace ƙungiya ta matasa tana rataye ne a kan wanda ya zo ya biya.

Gayya a asalinta

Kalmar ta noma ce kafin ta shigo birni. Manomin da aiki ya yi wa yawa, musamman lokacin da ciyawa ke tseren hatsi, sai ya aika wa sarkin noma ko sarkin samari da goro, a tsayar da rana. Ranar da aka sa, samari su hallara a gonarsa da garma da fartanya, mata su tuƙa tuwo su dama fura, makaɗa su zo da gangar noma suna yi wa kowane gwani kirari yana bin kunya. Saurayi mai neman aure yakan gayyaci abokansa zuwa gonar surukinsa. Haka kuma ake haɗuwa a ɗora jinka, a yaɓe ɗaki, a yashe rijiya, a gyara hanyar da ruwa ya cinye.

Ba a biyan kowa da kuɗi a wannan tsari, amma kuma babu wanda ya yi aikin banza. Akwai abincin da aka ci a ranar. Akwai sunan da mutum ya samu, domin gari duka ya ga wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunya, kuma iyayen 'yan mata suna cikin masu gani. Mafi girma shi ne ramuwa: duk wanda ya sunkuya a gonar wani ya san ranar da tasa gayyar ta tashi za a sunkuya a tasa. Wanda ya saba ƙin zuwa ta mutane kuwa, ranar tasa shi da 'ya'yansa kaɗai za su yini a rana. Babu littafin da ake rubuta wannan lissafi a ciki, zukatan mutanen gari ne ke riƙe da shi, kuma ba sa mantuwa.

Ita kanta ganuwar da ta kewaye birnin, wadda ƙofofinta na Kabuga da Dukawuya da Gadon Ƙaya suke ta wannan fuska, da hannun jama'a aka gina ta. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sannan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara ta a ƙarni na 17. Ba duk wanda ya ɗauki ƙasa a wancan zamani ne ya ɗauka da son ransa ba, akwai talakawa da bayi da aka tilasta wa. Duk da haka mazaunin birni ya san abin da guminsa ya saya masa, wato ya kwana a bayan katanga ranar da mahara suka zo.

Saurayin da ya yini a cikin kwatar layinsu a yau ba shi da gonar da za a zo a nome masa gobe. Sau da yawa ma gidan da ya kare daga ambaliya na wani ne, shi a shagon ƙofar gida yake kwana tare da ƙannensa.

Jaki, taki da kududdufi

Yasar kwata ba ta kasance babban aiki ga mutanen da ba, domin birnin yana da hanyoyin da yake zubar da ƙazantarsa da ruwansa, waɗanda a yanzu suka rufe. Ɗorayi misali ce. Lokacin da Polly Hill, wata masaniya daga Ingila, ta yi bincike a can a 1971 da 1972, abin da ta tarar gonaki ne da manyan gidaje masu ɗauke da iyalai da yawa, har ta kafa hujja da Ɗorayi a littafinta na 1977 game da rayuwar karkarar Kano. Tun kafin ita, Michael Mortimore ya bayyana a shekarun 1960 yadda manoman kewayen birni ke shigowa da jakuna ɗauke da itace da amfanin gona, su koma da mangala cike da taki. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida dukiya ce a lokacin, ana nemanta, kuma bolar birni ita ce ke ciyar da gonakin da ke ciyar da birni.

Abubuwa biyu suka yanke wannan zagaye. Na farko gonakin sun zama gidaje, Ɗorayi ta koma ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Gwale, kuma tana cikin mafiya cunkoso. Na biyu sharar kanta ta canza. Ledar cefane da ta ruwan sha da robobin lemo ba sa ruɓewa, manomi ba ya marmarin takin da ke cike da su, iska kuma ba ta da wurin da take kai su sai kwata.

Ruwan sama ma ya rasa masaukinsa. Kududdufan birni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, suka zama matattarar ruwan damina na unguwannin da ke kewaye da su. Suna da nasu aibin, domin sauro na hayayyafa a cikinsu, yara kuma kan nutse. Amma da aka cike da yawansu da shara aka yanka filaye aka yi gini, ba a yi wa ruwan da suke ɗauka wata hanya ba. Gidajen ƙasa sun koma na bulo, tsakar gida ta sha siminti, ƙasar da ke shanye ruwa ta ragu. Ƙidayar 2006 ta nuna Gwale tana da mutum kimanin 362,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 18 kacal, wato kusan mutum 20,000 a kowace murabba'in kilomita, kuma an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ruwan wanka da na wanki na duk waɗannan gidaje yana fitowa ne ta rariya ya faɗa 'yar siririyar kwatar da aka yi don mutanen da ba su kai rabin haka ba. Wannan ne aikin da samarin suka gada.

Yadda ƙaramar ƙungiya ke tafiya

Galibi irin wannan ƙungiya daga majalisa take farowa, wato benci a ƙofar shago ko gindin mai shayi inda sa'o'in juna ke zama da daddare. Wani lokaci kulob ɗin ƙwallo ne, ko tsofaffin ɗaliban wata Islamiyya. Sai wani abu ya faru, ruwa ya shiga gidan wata tsohuwa ko katanga ta faɗa wa yara, hira ta koma shawara. A zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, a yanka kuɗin mako, a je a durƙusa gaban mai unguwa a ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da yaranka suka yi niyya." Idan ya sa albarka, liman ya sanar bayan sallah, a nemi wani mai hali a naɗa shi uban ƙungiya.

Ranar aiki akan fara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Masu ƙarfi su shiga cikin kwatar, wasu su tsaya a baki suna ja da manjagara, ƙanana su tura baro. Kayan aikin rabinsu aro ne daga magina. Kaɗan ne ke da takalmin roba ko safar hannu, alhali a cikin dagwalon akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi da allurai. Daga cikin gidaje matan aure kan aiko yara da koko da ƙosai, dattijo mai wucewa ya tsaya ya ce, "Sannunku samari, Allah ya yi muku albarka," wani ya miƙa kuɗin ruwa. Ƙungiyar da ta kafu ba ta tsayawa a kan kwata: takan nome maƙabarta ta cike kaburburan da ruwa ya zaftare, ta shirya wa yara darasin hutu kyauta, ta ɗinka wa marayu kayan Sallah, ta tara masu ba da jini idan mai haihuwa ta shiga wani hali.

Raunin aikin yana bayyana ne bayan an gama. Dagwalon da aka fitar yana nan jibge a bakin kwata yana jiran tifa, kuma tifa ta fi ƙarfin asusun kuɗin mako. Idan kwana uku suka wuce ba a kwashe ba, awaki su tona, babura su bi ta kai, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Bahaushe yana da suna ga irin wannan: taron tsintsiya ba shara. Saurayin da ya ga guminsa ya koma kwata sau biyu, da wuya a same shi a karo na uku.

Doka ta fayyace mai alhakin wannan tifa. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa magudanan ruwa da kwashe shara a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Jihar Kano kuma ta kafa hukumar REMASAB a 2003 don kwashe shara da tsaftar muhalli. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ma'ana, abin da samarin ke yi kyauta aiki ne da aka riga aka ɗora wa hukuma. Kuma ba kwalliyar unguwa kaɗai ake magana ba. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Najeriya kuma ita ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Ruwan da ya kwanta a lungu ko ya malala ya faɗa rijiyar gida yana da hannu a duka biyun.

Masu biyan bashin da unguwa ta bari

Guraben da unguwa ta bari ba sa zama a buɗe. Akwai masu shigowa su cike, kuma kowannensu yana canza gayyar zuwa wani abu dabam.

Gwamnati ce ta farko, kuma hanyarta umarni ne. A watan Yulin 1985 Manjo Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli na shirin yaƙi da rashin ɗa'a a Kano. Gwamnatin da ta kawo shirin ta faɗi a watan Agustan shekarar, amma tsaftar ƙarshen wata ta wanzu, har yau akan hana zirga-zirga daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safiyar Asabar ɗin ƙarshe, kotun tafi-da-gidanka tana cin tarar masu saɓawa. Abin da dokar ta iya yi shi ne tsare mutane a gida. Sa su ɗauki shebur ya gagare ta, shi ya sa a unguwanni da yawa sa'o'in nan uku na barci ne ga manya, na ƙwallo a kan kwalta ga yara. A Jamhuriyar Nijar an gwada wata hanyar. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da tsohuwar al'adar samariya ya mayar da ita ƙungiyar matasa ta ƙasa baki ɗaya, aka gina azuzuwa aka dasa itatuwa da hannun samari. An yi aiki na gaske, sai dai da yake gwamnati ce ta zama uwar tafiyar, bayan rasuwarsa a 1987 da taron ƙasa na 1991 samariya ta dusashe tare da tsarin da ya ɗauke ta. Matasan Damagaram da Maraɗi da Yamai suka koma zaman fada, wanda shi ne takwaran majalisar Kano.

Na biyu su ne manyan ƙungiyoyi masu ba da tallafi, kuma hanyarsu alawus ne. Yaƙi da shan inna ya nuna ƙarfin wannan hanya. Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 saboda zargin da ya yaɗu a kansa, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, kuma an ɗauki shekaru ana rufe wa ma'aikata ƙofa. A 2012 asusun UNICEF ya fara ɗaukar mata 'yan sa kai daga cikin unguwanninsu, waɗanda ke iya shiga gidan da aka rubuta wa "ba shiga" su zauna a tabarma da uwar yaro, domin tare ake zuwa biki da suna. A Yulin 2014 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Kano, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ɗan abin da ake ba waɗannan mata haƙƙinsu ne, kuma abin da ya yi aiki shi ne amanar maƙwabtaka da suka zo da ita. Amma tsarin ya bar wata al'ada a baya: a kunnen matasa da yawa kalmar sa kai ta fara tafiya tare da tambayar nawa za a bayar.

Ƙungiyar da ke son shiga wannan kasuwa kuma sai ta canza siffa. Rajistar ƙaramar hukuma ba ta wadatarwa, sai ta je hukumar CAC ta yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta buga sanarwa a jaridu biyu, ta jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, ta nemi takardar sashen SCUML kafin harkar banki ta daidaita. Waɗannan matakai suna da amfani wajen tsare dukiya. Illarsu ga ƙaramar ƙungiya ita ce wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci shi ke zama ƙungiyar, masu shiga kwata su koma mutanen cikin hoto. Rahoton da a da ake kai wa mai unguwa da baki sai ya koma wanda ake aikawa Abuja ta intanet, mutanen layi kuwa su fara raɗe-raɗin cewa yaran nan suna cin kuɗi da sunansu.

Na uku shi ne ɗan siyasa, kuma shi ya fi kowa saurin zuwa. Yakan kawo baro goma da hotonsa a jiki, ya ɗauki nauyin riguna, ya biya tifa nan take. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ranar gangami za a nemi ƙungiyar ta cika mota, ranar zaɓe a nemi ta tsare akwati. A garin da siyasa ke raba 'yan ɗaki ɗaya, ƙungiyar da ta karɓi baron ɗan takara ta rasa rabin unguwa ke nan, kuma idan ya faɗi zaɓe ta rasa sauran rabin. Haɗarin ya wuce mutuwar ƙungiya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya kiyasta kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Kano suna ta'ammali da kayan maye, fiye da mutum miliyan ɗaya ke nan. Majalisar da ke haifar da 'yan aikin gayya ita ce dai ake zuwa a ɗebi 'yan jagaliya, ƙarfin damtsen da ke ɗaga shebur shi ne ke ɗaga gora. Saurayi yana bin inda aka nuna an san da zamansa.

Waɗanda suka daɗe

Akwai ƙungiyoyin sa kai a Kano da suka haura shekara 50 suna aiki, kuma duba su yana nuna inda sirrin yake. An kafa Fityanul Islam a Kano a 1963 a ƙarƙashin jagorancin Shehu Mudi Salga, kuma har yau ana ganin 'yan agajinta, tare da na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na sauran ƙungiyoyin addini, suna tsara sahu a filin idi, suna ba da hannu a titi ranar Juma'a, suna ɗaukar wanda ya faɗi a taro. Ɗan agaji ba shi da albashi, sau da yawa ma shi ke ɗinka kakinsa. Amma yana samun horo, yana hawa muƙami daga mataki zuwa mataki, unguwa ta san shi da kakin, kuma ranar aurensa ko rasuwar mahaifinsa 'yan'uwansa za su zo a jere su tsaya masa. Ga kuma ladan da malamai suka karantar da shi cewa yana jiran mai kawar da cuta daga hanyar mutane. Wannan ita ce tsohuwar gayya da ramuwarta, ta sa kaki.

A ɓangaren da ba na addini ba akwai ƙungiyar AHIP, wadda Hajiya Mairo Bello ta faro a Kano a 1989 a matsayin kulob na matasa. Abin da ya riƙe ta shi ne ta haɗa wayar da kai kan lafiya da koyar da sana'a, ta yadda yarinya ko yaron da ya shigo zai fita da abin da zai ci abinci da shi, iyaye kuma su ga dalilin barin 'ya'yansu su je.

Abin da ke kan unguwa

Unguwar birni ba ta da gonar da za ta nome wa saurayi, amma tana da abubuwan da suka fi gona amfani a gare shi, kuma yawancinsu ba sa buƙatar jiran gwamnati. Kusan kowane layi a Gwale yana da ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Kurmi ko Ƙofar Wambai ko Singa da ke ɗaukar yaran shago, yana da tela da makaniki da mai walda da ke ɗaukar almajiran sana'a. Idan aka san cewa wanda ya yi damina uku yana fitowa aiki shi mai unguwa zai fara kai wa Alhaji, lissafin gayya ya dawo. Haka idan masu hali suka ɗauki nauyin tifa tun kafin a sa rana, suka sayi takalma da safar hannu, suka biya kuɗin asibitin wanda kwalba ta yanka. Kwamitin makarantar firamare da na lafiya na mazaɓa suna da kujeru, kuma babu abin da ya hana a ba wakilin samari ɗaya, a ba 'yan mata ɗaya, tun da su ne ke iya shiga gidaje su yi magana da masu zuba shara a rariya. Dattawan da ke iya ganin kansila da shugaban ƙaramar hukuma kuma su ne ya kamata su je neman motar kwashe shara da sunan unguwa, domin idan samari suka je su kaɗai, a matsayin masu roƙo ake karɓarsu.

Ita ma ƙungiya akwai abin da ke kanta. Asusun da ake karanta shigarsa da fitarsa a ƙofar masallaci duk wata ba ya barin wurin raɗe-raɗi. Kayan aikin da aka karɓa daga kowa, bisa sharaɗin ba hoton kowa a jiki, ba sa raba layi biyu. Mafi wuya shi ne miƙa ragama. Shugaban ƙungiya yakan yi aure yana ɗan shekara talatin da wani abu, kuma da yake babu fili a cikin birni sai ya kama haya a Ja'en ko Rijiyar Zaki, sakatare ya sami aiki a Abuja, ma'aji ya tafi bautar ƙasa. Idan ba a riga an jawo 'yan shekara goma sha biyar da ke tura baro an koya musu riƙe littafi da zuwa gaban mai unguwa ba, shebur da manjagara sukan ƙare a zauren gidan tsohon shugaba suna tsatsa, har sai ruwa ya sake shiga gidan wani, wata majalisar ta fara daga farko kamar ba a taɓa yi ba.

Yaran da ke tura baro a bana suna kallon abin da ya sami yayyensu da suka shiga kwata shekaru biyar da suka wuce, wanda aka kai kasuwa da wanda aka bari a benci. Da wannan suke yanke shawarar ko za su fito a watan Mayu mai zuwa idan liman ya yi sanarwa.